Awar da Aka Maido

Rediyon Umdurman ya faɗa da la'asar:
in dare ya raba, kowa ya ja agogonsa baya.
Awar da hukuma ta ara a hannun jama'a
yau za a maido wa masu ita.

Ni da ke gyaran agogo a kasuwar Maiwurno,
rumfa ta uku daga masu awon riɗi,
na cire gilashin ido, na yi dariya.
Bashin da ya kwana, ya shekara, har ya yi furfura,
a biya shi da tsakar dare, ba shaida, ba godiya?

Babikir mai kwalekwale ya fara zuwa,
riƙe da agogon da ruwa ya kashe tun bara.
Ya ce, “Juya min, kada a ce na saɓa wa gwamnati.”
Na ce, “Naka sau biyu rak yake gaskiya a yini.”
Ya ce, “To ai ya fi wasu masu rawani.”

Sittana mai jabana ko leƙowa ba ta yi ba.
Nata agogon inuwar dalbejiya ne:
in ta taɓa murhu, a ɗora ruwa,
in ta haye benci, a kwashe kofuna.
Wa zai hau bishiya ya murɗa mata kunne?

Ɗari ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Nilu ya ja baya, ya bar laka ga masu albasa,
shi ma ba da sanarwa ba.

Sha biyun dare na kunna fitila.
Agogo ashirin da uku a jikin bango,
na masu shi da na waɗanda suka manta hanya,
na bi su ɗaya ɗaya kamar mai ba marayu magani.
Wani ya yi gardama, wani ya bi da sauƙi,
wani tsoho ya buga sha ɗaya yana tari.

Saura ɗaya.
Yana cikin gwangwanin alewa, a naɗe da ƙyalle:
ƙaramin agogon Batula,
wanda na sayo a Madani shekarar da auduga ta yi kuɗi.
Ƙarfe biyar yake nunawa.
Ni na tsayar da shi, da wannan babban yatsa,
asubar da aka ja mata mayafi har ka.

Na ce, doka ai doka ce.
Na kama ɗan kunnen, na ja shi zuwa huɗu.

Ƙarfe huɗu tana nan.
Ƙarfe huɗu ta ce in ɗaga mata matashi,
ta tambaya ko an ɗaure akuyar nan mai ɓarna,
ta kurɓi ruwa, ta ce ya yi sanyi,
ta yi min faɗa a kan rigar da ban sa ba.
Na zauna bakin gadon igiya
na cinye awar nan kaf, ban bar ko minti ba.
In wannan ne biyan bashin, na karɓa,
na yafe jinkirin.

Zakara bai saurari rediyo ba, ya yi cara a lokacinsa.
Ladan ya dubi gabas kamar kullum.
Jikana Mu'awiya ya tafi makaranta
ba tocila a hannu, rana na dafa masa ƙeya,
yana murna wai an ƙara masa barci.

Na buɗe rumfa, na hura hannuwa.
Ashirin da uku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa,
sun yarda da abin da aka ce musu.
Na cikin gwangwani kuwa,
na bar shi a ƙarfe huɗu.
In hukuma ta sake bukatar awarta,
ta nema a wani gida.